CAJIN WAYAR HANNU CIKIN SAURI: BAYANI A KAN CAJA DA IGIYARTA

GABATARWA

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, wayar hannu ta shiga birni da ƙauye. Da ita ɗan kasuwa yake jin farashin hatsi a Dawanau kafin ya ɗaura tafiya, da ita manomi yake karɓar kuɗin amfanin gonarsa, da ita kuma ake neman mota cikin dare idan naƙuda ta kama mace. Amma duk amfanin nan yana rataye ne a wuyan batir. Da zarar batir ya mutu, aikin waya ya tsaya.

A wurare da yawa na ƙasar nan wutar lantarki ba ta zama dare da rana. Akan kawo ta na awa biyu ko uku a ɗauke, wanda ba shi da ita a gida kuwa sai ya kai wayarsa rumfar masu caji ya biya. Saboda haka tsawon lokacin da waya take ci kafin ta cika ba ƙaramar magana ba ce. Wayar da take bukatar awa huɗu ba za ta cika da wutar awa biyu ba, alhali kuwa wata irinta, idan ta sami caja da igiyar da suka dace da ita, sai ta kai rabi cikin minti 30.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a yadda wannan sauri yake samuwa, da kuma yadda mutum zai kauce wa asarar kuɗinsa ko hatsarin gobara. Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, saurin caji aikin abubuwa uku ne a haɗe, watau waya, da kan caja, da igiyar da ta haɗa su. Wanda ya fi rauni daga cikinsu shi ne yake yanka wa sauran iyaka.

KASHI NA ƊAYA: MA'AUNAI UKU NA WUTAR LANTARKI

Ba za a fahimci maganar caji ba sai an san ma'aunai uku waɗanda ake rubutawa a jikin kowace caja. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce a kwatanta wutar lantarki da ruwan da ke saukowa daga tanki ta cikin tiyo zuwa randa.

Ma'auni na farko shi ne bolt, alamarsa harafin V. Shi ne ƙarfin turi, kamar yadda tankin da aka ɗora a can sama yake turo ruwa da ƙarfi fiye da wanda ke kusa da ƙasa. Na biyu shi ne amfiya, alamarsa harafin A. Shi ne yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo. Na uku shi ne wat, alamarsa harafin W, shi ne kuwa yake nuna saurin cikar randa. Ana samun wat ne idan aka ninka bolt da amfiya. Alal misali, cajar da ke ba da bolt 5 da amfiya 2 tana ba da wat 10. Wadda ke ba da bolt 9 da amfiya 2 tana ba da wat 18.

Girman batir kuma, watau girman randar, ana rubuta shi da haruffan mAh. Yawancin manyan wayoyin zamani suna da batir mai mAh 5,000 ko kusa da haka. Idan aka lissafa, irin wannan batir yana ɗauke da abin da ya kai wat 19 na tsawon awa guda. Ke nan caja mai wat 2.5 za ta yi kusan awa takwas kafin ta cika shi, mai wat 5 za ta yi awa huɗu da wani abu, mai wat 25 kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya hana a ƙara amfiya kawai domin a sami wat mai yawa? Amsar ita ce zafi. Kowace igiya tana ɗan tauye wutar da ke bi ta cikinta, abin da ta tauye kuwa zafi yake komawa. Idan aka ninka amfiya sau biyu, zafin yana ninkuwa sau huɗu ne. Idan aka ninka sau huɗu, zafin ya ninku sau goma sha shida. Wanda yake son wat 60 a kan bolt 5, tilas ya tura amfiya 12, igiya siririya kuwa ba za ta jure ba. Amma a kan bolt 20, amfiya 3 kacal ta wadatar. Wannan dalili ne ya sa wutar da ake samarwa a Kainji da Jebba da Shiroro ake ɗaukarta a kan manyan turaku da ƙarfin bolt 330,000, sa'an nan taransifoma ta sauke ta zuwa bolt 230 kafin ta shiga gidaje. Sabuwar hanyar caji wannan dabara ta aro: a ɗaga bolt a kan hanya, a sauke shi a cikin waya.

KASHI NA BIYU: YADDA AKA FARO

Kafar da ake kira USB ba domin caji aka ƙirƙiro ta ba. Wasu kamfanoni bakwai ne, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM, suka haɗa kai suka fito da ita a shekarar 1996, domin a sami hanya guda ta haɗa kwamfuta da linzaminta, da allon buga rubutu, da injin ɗab'i. Waɗannan kaya ba su cin wuta da yawa, saboda haka aka yanka wa kafar bolt 5 da rabin amfiya, watau wat 2.5. Ƙungiyar da kamfanonin suka kafa, mai suna USB-IF, ita ce har yanzu take tsara ƙa'idojin wannan kafa.

A wancan zamani kowane kamfanin waya yana da irin cajarsa. Waɗanda suka riƙe wayoyin Nokia na farko za su tuna da caja mai kaurin baki da mai siririn baki, da yadda cajar wani kamfani ba ta shiga wayar wani. A shekarar 2007 aka fito da ƙaramar kafa mai suna micro-USB, a 2009 kuma manyan kamfanonin waya suka yi yarjejeniya da Hukumar Tarayyar Turai cewa za su koma kanta. Wannan ya rage yawan cajoji iri iri, amma bai magance jinkiri ba, gama wayoyi sun yi ta ƙara faɗin fuska da girman batir, ƙarfin kafar kuwa yana tafiyar hawainiya. Ga yadda ya yi ta ƙaruwa:

Shekarar 1996: bolt 5, amfiya 0.5, watau wat 2.5.
Shekarar 2008: bolt 5, amfiya 0.9, watau wat 4.5.
Shekarar 2010: bolt 5, amfiya 1.5, watau wat 7.5.
Shekarar 2012: sabuwar ƙa'ida mai kaiwa bolt 20 da amfiya 5, watau wat 100.
Shekarar 2021: ƙarin bolt 28 da 36 da 48, har zuwa wat 240.

Ƙa'idar nan ta 2012 ita ce ake kira USB Power Delivery, ma'anarta isar da ƙarfin wuta, a jikin kwalaye kuwa akan taƙaita ta da haruffan PD. Ba ta bazu sosai ba sai bayan watan Agusta na 2014, lokacin da aka fito da sabuwar kafa mai suna USB-C. Ita ce 'yar kafar nan mai siffar ƙwayar magani, wadda ko ta wane gefe aka juya bakin igiya zai shiga. A cikinta akwai ƙananan haƙora 24. Wasu na ɗaukar wuta ne, wasu na ɗaukar hotuna da rubutu, akwai kuma waɗanda aka keɓe musamman domin waya da caja su yi magana da juna.

KASHI NA UKU: CINIKI TSAKANIN WAYA DA CAJA

Tsohuwar caja ba ta tambaya, bolt 5 take turawa ga duk abin da aka jona mata. Caja mai PD kuwa ba ta ɗaga ƙarfinta sai an yi ciniki an daidaita. Abin da ke faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya bayan an jona igiya shi ne kamar haka.

Da farko cajar ba ta sakin wuta ko kaɗan sai ta ji alamar cewa an haɗa ta da wani abu. Da ta ji, sai ta saki bolt 5, wanda kowace na'ura mai kafar USB take iya ɗauka. Daga nan sai ta aika wa waya jerin abin da take da shi, alal misali bolt 5 da amfiya 3, ko bolt 9 da amfiya 3, ko bolt 15, ko bolt 20. Wayar sai ta duba jerin ta zaɓi wanda ya dace da ita. Cajar ta amsa cewa ta yarda, ta ɗaga bolt ɗin, sa'an nan ta sanar da waya cewa wuta ta daidaita, ta fara sha. Idan wayar ba ta jin wannan harshe, ba za ta amsa ba, cajar kuwa sai ta tsaya a kan bolt 5.

Daga wannan bayani za a fahimci abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, caja mai inganci mai wat 65, irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka, ba za ta ƙona ƙaramar waya ba, domin waya ce take faɗin abin da take so, ba caja ce take ɗura mata ba. Na biyu, babbar caja ba za ta sa waya ta wuce iyakar da maƙeranta suka yanka mata ba. Wayar da aka ƙera domin wat 18, wat 18 za ta sha ko da an jona ta a caja mai wat 100. Wanda ya sayi babbar caja domin irin wannan waya kaɗai ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba.

A shekarar 2017 an yi wa ƙa'idar PD wani ƙari mai suna PPS. A maimakon matakai huɗu tsayayyu, caja mai PPS tana iya ba da kowane ƙarfi tsakanin bolt 3.3 da bolt 21, tana hawa ko sauka da kashi ɗaya cikin hamsin na bolt. Wayar takan yi ta gaya mata ta ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan gwargwadon halin da batir yake ciki. Amfanin haka shi ne aikin daidaita wuta yana komawa cikin caja, zafin da zai taru a jikin waya ya ragu. Wayoyin Samsung masu cajin wat 25 da wat 45 da wannan hanya suke aiki, saboda haka cajar da ba ta da PPS ba za ta ba su cikakken saurinsu ba. Wayoyin iPhone kuwa tun daga iPhone 8 na shekarar 2017 suke karɓar PD, kamfanin Apple ya ce suna kaiwa kusan rabi cikin minti 30 da cajar da ta dace.

KASHI NA HUƊU: IGIYA BA DUKA ƊAYA BA CE

A nan ne jama'a suka fi yin kuskure. Mutum zai sayi waya mai tsada da kan caja mai kyau, sa'an nan ya haɗa su da igiyar da ya tsinta a kan tebur a bakin tasha, ya koma yana zargin waya da nawa. A ido igiyoyi masu bakin USB-C duk kamarsu ɗaya, amma a ciki sun bambanta ƙwarai.

Igiya mai bakin USB-C a kowane gefe iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum mai ɗaukar amfiya 3, wadda iyakarta wat 60. Wannan ta ishi yawancin wayoyi. Akwai kuma mai ɗaukar amfiya 5, wadda aka dasa wa wata 'yar ƙwayar na'ura a cikin bakinta. Kafin caja ta saki abin da ya wuce amfiya 3, sai ta tambayi igiyar ko za ta iya, ƙwayar nan ce take amsawa. Idan caja ba ta ji amsa ba, sai ta tsaya a kan amfiya 3 domin kada igiyar ta yi zafi ta narke. Tun daga shekarar 2021 ƙungiyar USB-IF ta fito da tambarin da ke nuna 60W ko 240W a jikin igiyoyin da ta gwada ta amince da su, a kasuwa kuma ana samun masu 100W na tsarin da ya gabata.

Igiya mai tsohon baki mai faɗi a gefe ɗaya da USB-C a ɗaya gefen ba ta ɗaukar harshen PD, domin tsohon bakin ba shi da haƙorin da ake maganar ta kansa. Duk saurin da aka samu da irinta ta wata hanyar ce dabam ta kamfani, kamar yadda za a bayyana a gaba.

Har wa yau akwai maganar tsawo da kauri. Gwargwadon tsawon igiya da sirantar zaren ƙarfen da ke cikinta, gwargwadon wutar da ke ɓacewa a hanya. Igiya ta gari da jan ƙarfe zalla ake yinta. Ta araha kuwa sau da yawa zarenta 'yan ƙalilan ne, ko kuma wani ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan waya ta ji wutar da ke iso ta ta yi ƙasa, sai ta rage shan da take yi, caji ya yi ta ja. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Igiya mara kyau tana iya wuce jinkiri ta kai ga ɓarna. A ƙarshen shekarar 2015 wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung ya shiga sayen igiyoyin USB-C yana gwadawa yana bayyana wa jama'a sakamako, ya kuwa tarar da yawa ba su cika ƙa'ida ba. A watan Fabrairu na 2016 wata igiya da aka haɗa zarurrukanta a juye ta ƙona masa kwamfuta nan take. Wata guda bayan haka kamfanin Amazon ya hana sayar da igiyoyin USB-C da ba su bi ƙa'ida ba a kasuwarsa.

KASHI NA BIYAR: ABIN DA KE FARUWA A CIKIN BATIR

Batirin wayar zamani na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irinsa a shekarar 1991, a 2019 kuma aka ba masana uku da suka share fagen ƙirarsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel. Irin wannan batir yana aiki ne a kan abin da bai kai bolt 4 ba, idan ya cika kuwa ya ɗara bolt 4 kaɗan. Saboda haka bolt 9 ko 15 da ke fitowa daga caja ba ya shiga batir kai tsaye. Akwai na'ura a cikin waya da ke sauke shi tukuna.

Cika batir kamar ɗura man gyaɗa ne a kwalba. Da fari mai ɗurawa yakan tuttula da sauri, amma da mai ya kusa wuyan kwalba sai ya sassauta hannu, yana ɗigawa kaɗan kaɗan don kada ya zube. Haka waya take yi. Daga ƙasa zuwa wajen rabi tana shan cikakken ƙarfi, daga nan ta fara ragewa, idan ta wuce kashi 80 cikin ɗari kuwa sai ta koma sha a hankali ƙwarai. Wannan ba lalacewa ba ce, kariya ce da aka gina da gangan. Darasin da ke ciki ga mai wuta ta ɗan lokaci shi ne, minti 30 na farko sun fi kowane lokaci albarka. Idan wayoyi uku ne a gida caja ɗaya, ya fi riba a ba kowace minti 40 da a bar ɗaya tana neman kashi 100 har a ɗauke wuta.

Babban abokin gaban batir shi ne zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir ragi na har abada. A watannin Maris da Afrilu da Mayu kuwa zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yola yakan haura digiri 40. Wayar da ta ji zafi ya yi mata yawa takan rage saurin cajinta da kanta, wani lokaci ma ta tsaya sai ta huce. Saboda haka a lokacin bazara ya kamata a yi caji a inuwa, a kan siminti ko tebur, a cire wa waya rigarta idan mai kauri ce, kada kuma a bar ta a gaban mota cikin rana ko a ƙarƙashin matashin kai. Wayoyi da yawa yanzu suna da wurin da ake umartarsu su tsaya a kashi 80 ko 85, wanda yake da wuta a kai a kai zai tsawaita ran batirinsa da wannan.

KASHI NA SHIDA: HANYOYIN KAMFANONI DA DOKAR TURAI

Kafin PD ta kafu, wasu kamfanoni sun riga sun fito da nasu hanyoyi. Kamfanin Qualcomm na Amurka ya fito da Quick Charge a 2013, wadda daga baya ta riƙa ɗaga wuta zuwa bolt 9 da 12. Kamfanin Oppo na ƙasar Sin ya fito da VOOC a 2014, shi kuwa ya bar bolt 5 a inda yake, ya ɗaga amfiya zuwa 4, ya yi wa hanyar igiya mai kauri ta musamman. Har yanzu wayoyi da dama da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya suna samun cikakken saurinsu ne da caja da igiyar da suka zo da su a kwali kaɗai. Idan aka jona su a wata caja za su yi caji lafiya, amma da ƙarfin da bai kai wanda aka rubuta a kwalin ba. Mai irin wannan waya ya kamata ya adana cajarsa ta asali da igiyarta.

Tarayyar Turai ta ga cewa wannan rarrabuwa tana jawo asara. Hukumarta ta ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa a ƙasashenta suna kai tan 11,000 kowace shekara. A shekarar 2022 aka zartar da doka cewa daga ranar 28 ga Disamba, 2024, duk sabuwar waya, da kwamfutar hannu, da kyamara, da abin sauraro na kunne da za a sayar a can tilas su zo da kafar USB-C, wadda duk take shan fiye da wat 15 kuma tilas ta ji harshen PD. Aka sa ranar 28 ga Afrilu, 2026, domin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Kamfanin Apple, wanda tun 2012 yake da tasa kafar mai suna Lightning, ya koma USB-C da fitowar iPhone 15 a watan Satumba na 2023. Dokar ta Turai ce, amma da yake masana'antu ba su son ƙera kaya iri biyu, amfaninta yana isowa kasuwannin Afirka.

KASHI NA BAKWAI: JABUN CAJA DA HATSARINTA

A cikin kan caja, abin da ya raba wutar gida mai bolt 230 da igiyar da mutum yake riƙewa da hannunsa shi ne 'yar ƙaramar taransifoma da tazarar da ba ta wuce 'yan milimita ba. Masu yin jabu a nan suke rage kuɗi. A shekarar 2016 hukumomin kare masu saye na Ingila sun bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa jabun cajoji 400 masu ɗauke da sunan Apple, waɗanda aka sayo daga ƙasashe takwas. Uku kacal ne aka samu suna da isasshiyar kariya. Idan kariyar nan ta fashe, wutar gida takan bi igiya ta isa jikin waya, ta kama mai riƙe da ita ko ta tayar da gobara.

Ana iya gane caja ta gari da rubutun da ke jikinta. Ƙarƙashin kalmar Input akan rubuta 100-240V, watau tana jure wutar kowace ƙasa. Ƙarƙashin kalmar Output akan jera matakan da take bayarwa, kamar 5V 3A da 9V 2.22A. Mai saye ya ninka lambobin da kansa: 9 sau 2.22 ya ba da wat 20. Idan kwali ya ce wat 45 amma jikin caja 5V 2A kaɗai ya nuna, to wat 10 ce aka yi wa babbar riga. Caja mai kafa biyu ko uku kuma, lambar da ke kwalinta ta dukkan kafofin ce a haɗe. Idan aka jona wayoyi biyu sai su raba. Sauran alamun jabu su ne rashin nauyi a hannu, rubutu mai kuskure ko mai gogewa, ƙara kamar kukan gyare, zafin da hannu ba ya iya jurewa, da fuskar waya ta riƙa taɓa kanta a lokacin caji.

A Nijeriya Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke duba kayan lantarki da ake shigowa da su ƙarƙashin tsarin SONCAP. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke amincewa da nau'in wayoyin da za a sayar. Wanda aka cuta a ciniki yana iya kai kukansa ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, rasit ɗinsa kuwa shi ne shaidarsa.

ƘA'IDOJIN DA YA KAMATA A KIYAYE

1. A duba kwalin waya ko takardarta a san yawan wat da take ɗauka, da hanyar da take bi, kafin a sayi caja.
2. A sayi caja da igiya a shagon da aka sani, a gwada su a gaban mai shago, a karɓi rasit.
3. Domin abin da bai wuce wat 60 ba, igiyar USB-C ta gari mai amfiya 3 ta isa, sai fa idan takardar waya ta nemi mai amfiya 5. Abin da ya wuce wat 60 tilas sai mai amfiya 5.
4. Igiyar da fatarta ta yage, ko bakinta ya yi baƙi, ko take zafi, a daina aiki da ita. Naɗe ta da leda ba gyara ba ne.
5. Kada a yi caji a kan katifa, ko kusa da fetur da kananzir, ko da jiƙaƙƙen hannu.
6. Idan an kawo wuta ko an tayar da janareta, a dakata kaɗan ta daidaita kafin a jona caja. Idan ana tsawa, a cire ta daga soket.
7. Idan caji ya fara yankewa, a duba kafar waya, gama ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan toshe ta. A kashe waya a share da tsinken itace a hankali, ban da allura.
8. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, kada a sake yi masa caji, kada a huda shi, a kai wa mai gyara ya canza.
9. Kada a jefa tsohon batir ko caja a wuta ko a juji inda yara ke wasa.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Caja tana ba da bolt 15 da amfiya 3. Wat nawa ke nan?
2. Me ya sa ake ɗaga bolt a maimakon amfiya?
3. Shin caja mai wat 65 za ta ƙona waya mai ɗaukar wat 18? A kawo dalili.
4. Me ya sa caji yake yin nawa bayan kashi 80 cikin ɗari?
5. A lissafa alamu huɗu na jabun caja.

Ana roƙon malaman makarantu, da shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyaranta, da masu rumfunan caji, su karanta wannan bayani su kuma fassara shi ga waɗanda ba su sami damar karantawa ba, musamman ƙa'idojin da suka shafi gobara da lafiyar yara a cikin gida.